Sunayen Hausawa a Rumbunan Bayanai na Kwamfuta: Matsalolin Haɗa Rumbu da Rumbu da Hanyoyin Warware Su

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2007 aka kafa Hukumar Kula da Shaidar Ɗan Ƙasa, wato NIMC, mai hedikwata a Abuja, aka ɗora mata alhakin bai wa kowane ɗan Nijeriya lamba mai alƙaluma 11 da ake kira NIN. A watan Fabrairu na 2014 kuma Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar da lambar tantance masu ajiya a banki, wato BVN, ita ma mai alƙaluma 11. Da farko kowane rumbu zaman kansa yake yi. Daga baya sai aka shiga ɗaura su da juna. A watan Disamba na 2020 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta umarci kamfanonin waya da su haɗa kowane layi da NIN. A 2021 hukumar shirya jarrabawar shiga manyan makarantu, JAMB, da ke Bwari, ta sanya NIN cikin sharuɗɗan yin rajista. A watan Disamba na 2023 Babban Banki ya fitar da umarnin ɗaura asusun ajiya da BVN da NIN. Haka kuma Hukumar Shige da Fice tana neman NIN kafin ta ba da fasfo.

Abin da wannan ya haifar shi ne, sunan mutum ɗaya da ma'aikata dabam-dabam suka rubuta a wurare da lokuta dabam-dabam, yanzu kwamfuta ce take gwama shi. Idan ta ga saɓani sai ta ce bayanai ba su dace ba. Daga nan ɗalibi zai iya rasa damar rajistar jarrabawa, mai ajiya ya kasa taɓa kuɗinsa, maniyyaci ya yi ta jiran fasfo, har sai an yi rantsuwa a kotu ko an buga sanarwar gyaran suna a jarida.

Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa da yawa daga irin wannan saɓani tushensu yana cikin harshe, don haka mai tsara manhaja ba zai iya magance su shi kaɗai ba sai da gudummawar masanin harshe. An kasa matsalolin kashi uku: na harafi, da na rubutun suna, da na tsarin suna. Bayanin ya shafi kowane irin rumbu da ake adana sunayen Hausawa a cikinsa, na gwamnati ne ko na makaranta ko na asibiti.

2.0 Rumbun Bayanai da Haɗa Rumbuna

Rumbun bayanai tarin jadawali ne da ake adanawa a kwamfuta. Kowane layi na jadawalin yana wakiltar mutum guda, kowane gurbi kuma yana ɗauke da abu guda game da shi, kamar suna, ko ranar haihuwa, ko jinsi. Akasarin irin waɗannan rumbuna da harshen umarni mai suna SQL ake yi musu tambaya. Haɗa rumbuna kuwa shi ne a sa manhajar wata ma'aikata ta aika tambaya ga rumbun wata, ta karɓo amsa, ta gwada da abin da yake hannunta. Gwada lamba da lamba ba shi da wuya, domin ko dai sun zo ɗaya ko sun saɓa. Wahalar tana wajen gwada suna da suna, saboda kwamfuta ba ta san suna ba, jerin lambobin da ke wakiltar haruffa kawai take gani.

3.0 Matsalolin Harafi

3.1 Baƙaƙe Masu Lanƙwasa

An karɓi baƙaƙen ɓ, ɗ da ƙ a rubutun boko a shekarun 1930, bayan an daɗe ana nuna su da ɗigo a ƙasa ko da waƙafi a gefe. Matsayinsu na baƙaƙe masu cin gashin kansu a fili yake, kamar yadda waɗannan tagwayen kalmomi suke nunawa:

(1) baki / baƙi. Kafa / ƙafa. Bari / ɓari. Daidai / ɗaiɗai

Tsarin farko da ya yaɗu na bai wa haruffa lamba a kwamfuta, wato ASCII na 1963, gurabe 128 kawai gare shi, kuma don Ingilishi aka yi shi. Tsare-tsaren da suka biyo baya don harsunan Yammacin Turai sun ƙara haruffa irin su é da ü, amma babu ko ɗaya daga baƙaƙen Hausa masu lanƙwasa. Da tsarin Unicode ya fito a farkon shekarun 1990, ya ba su lambobinsu: ɓ ta sami U+0253, ɗ U+0257, ƙ U+0199, ƴ kuma U+01B4. A tsarin ajiya na UTF-8, wanda aka ƙirƙiro a 1992, harafin Ingilishi yana cin bayit ɗaya, kowane baƙi mai lanƙwasa kuwa yana cin biyu.

Ke nan Unicode ya daɗe da yi wa Hausa tanadi. Abin da yake kawo cikas shi ne, suna yana ratsa matakai da yawa kafin ya isa rumbu: allon shigarwa, da manhajar da ke karɓa, da hanyar sadarwa tsakaninta da rumbu, da gurbin da aka tanada a jadawali. Idan mataki ɗaya tak ya tsaya a tsohon tsari, sunan ya lalace. Alal misali, manhajar rumbu ta MySQL tsarin Yammacin Turai take ɗauka kai tsaye idan ba a gaya mata wani ba, har zuwa fitowar siga ta 8.0 a 2018. Duk jadawalin da aka gina kafin nan ba tare da kula ba yana iya kasancewa a kan tsohon tsarin har yau.

3.2 Gano Inda Cutar Take

Kamannin lalacewar su ne suke nuna inda aka yi kuskure. Akwai alamu uku:

(2) Ɗanjuma ya koma ÆŠanjuma
(3) Ɗanjuma ya koma ?anjuma
(4) Ɗanjuma ya koma Danjuma

A misali na (2) an ajiye sunan daidai da UTF-8, amma mai karantawa ya ɗauki bayit biyun Ɗ a matsayin haruffa biyu na tsarin Windows na Yammacin Turai. Haka ƙ take komawa Æ™, ɗ kuma ta koma É da dogon karan ɗori. Wannan cuta tana da magani, domin babu abin da ya ɓace: a mayar da rubutun zuwa bayit, a sake karanta shi da UTF-8. A misali na (3) gurbin ne ba ya iya ɗaukar harafin, sai aka musanya shi da alamar tambaya tun kafin a ajiye. A nan harafin ya tafi ke nan, ba a san ko Ɗ ce ko Ƙ ko Ɓ ba sai an koma ga takardar asali. Misali na (4) kuwa yawanci daga hannun ma'aikaci yake, wanda allon madannansa ba shi da harafin. Shi ne ya fi yawa, kuma shi ne ba ya jan hankalin kowa.

Dabarar bincike ita ce a zaɓi suna guda na gwaji mai ɗauke da dukkan baƙaƙen, manya da ƙanana, a bi shi mataki-mataki, ana duba ainihin lambobin da aka ajiye. Dogaro da abin da allo ya nuna yaudara ne, domin wani lokaci bayanin yana nan lafiya, salon harafin da aka zaɓa ne ba shi da hoton ƙ, sai ya nuna ɗan akwati a gurbinta.

3.3 Hamza

Alamar hamza tana cikin sunaye masu yawa: Sa'adu, Isma'ila, Asma'u, Rabi'u, A'isha, Mas'udu. Ita ce kuma take rarrabe 'y, wadda ake rubutawa ƴ a Jamhuriyar Nijar. A harshen SQL wannan alama ita ce take buɗe rubutu ta rufe shi. Idan mai manhaja ya liƙa suna kai tsaye cikin umarni, sai a sami:

(5) WHERE suna = 'Sa'adu'

Rumbu zai ɗauka sunan ya ƙare a Sa, ya rasa yadda zai yi da adu, ya mayar da saƙon kuskure. Ta wannan kafa ce kuma masu kutse suke cusa nasu umarnin cikin rumbu. Maganin da wasu suke yi shi ne hana shigar da alamar baki ɗaya, wanda yake daidai da yanke yatsa saboda ƙaya. Ingantacciyar hanya ita ce a aika umarni daban, suna daban, ta gurbin da SQL ya tanada don haka. Share alamar yana iya sauya karatu: a Is'haƙ ita ce take hana a karanta s da h a matsayin sh.

Wani abin lura shi ne, alamar da ido yake gani ɗaya tana da lambobi aƙalla uku: miƙaƙƙiya ta allon madannai, U+0027, da lanƙwasasshiya da manhajojin rubutu suke saka wa da kansu, U+2019, da wadda Unicode ya ware don hamza a matsayin harafi, U+02BC. Sa'adu da aka buga a waya da wanda aka kwafo daga takardar ofis suna iya zama sunaye biyu a wurin kwamfuta. A fasfo kuma, layuka biyu na ƙasan shafi da na'ura take karantawa, bisa ƙa'idar Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, ba sa ɗaukar komai sai A zuwa Z, da alƙaluma, da alamar cike gurbi. A can dole Sa'adu ya zama SAADU.

3.4 Manyan Baƙaƙe da Jerantawa

Kafin gwada sunaye, an saba mayar da su manyan baƙaƙe. Wasu manhajoji, irin su SQLite idan ba a ƙara mata komai ba, haruffan Ingilishi kawai suke iya ɗagawa, sai ɗanladi ya zama ɗANLADI, ya kasa dacewa da ƊANLADI. Akwai kuma dabarar da aka saba da ita ta raba harafi da alamar da ke kansa ko ƙarƙashinsa sannan a zubar da alamar. Tana aiki ga é ta Faransanci da ẹ, ọ, ṣ na Yarabanci, amma ba ta taɓa ɓ, ɗ, ƙ, ƴ, domin Unicode bai ɗauki lanƙwasar a matsayin alamar da ake cirewa ba. Mai son daidaita ƙ da k don bincike sai ya rubuta jadawalin musanya da hannunsa. A wajen jerantawa ma, idan aka bar kwamfuta ta bi girman lamba, Ƙasimu da Ɗahiru za su faɗa bayan Zubairu, alhali a abacadar Hausa ɗ tana bin d, ƙ tana bin k. Ma'aikacin da ya duba jerin bai ga suna a inda ya zata ba yana iya sake yi wa mutum rajista, a sami layi biyu na mutum ɗaya.

4.0 Matsalolin Rubutun Suna

Akasarin sunayen yanka na Hausawa daga Larabci aka aro su, kuma kowane yana da fuska aƙalla uku a boko: yadda Hausa ta hausantar da shi, da yadda masu ilmin Larabci suke mayar da shi kusa da asali, da yadda Turawa suka rubuta. A Nijar kuma akwai ta huɗu, ta ƙa'idar Faransanci.

(6) Usman, Usumanu, Uthman, Othman, Ousmane
(7) Muhammadu, Muhammad, Mohammed, Moh'd, Mahamadou
(8) Ɗahiru, Dahiru, Tahir
(9) Hadiza, Hadizatu, Khadija, Khadijat
(10) Abdurrahman, Abdulrahman, Abdul Rahman, Abdur-Rahman

Wannan bambanci yana bin ƙa'idojin da masu nazarin aron kalmomi suka sani. Sautin Larabci da ake rubutawa th yana zama s a Hausa, kh yana zama h, q yana zama ƙ, t mai kauri yana zama ɗ ko ts, kamar a Faɗimatu da Fatsima. Ana ƙara wasali a ƙarshen suna, ana kuma saƙa wasali tsakanin baƙaƙe biyu don gyara gaɓa. A misali na (10) nason lam ɗin Larabci ne cikin baƙin da ke biye ya kawo rr a wani rubutun, lr a wani.

Masu manhaja suna da hanyoyi biyu da suka shahara na gane sunaye masu kama da juna. Ta farko ita ce Soundex, wadda Robert Russell ya yi wa rajista a Amurka a 1918. Tana riƙe harafin farko, ta zubar da wasula da h, w, y, ta musanya sauran baƙaƙe da alƙaluma uku. Ga sakamakonta a kan wasu sunaye:

(11) Muhammad, Mohammed, Muhammadu: M530
(12) Mahmud: M530
(13) Usman: U255, Uthman: U355, Osman: O255
(14) Hassan, Hussaini, Hassana, Hussaina: H250

A (11) ta yi daidai. A (12) ta haɗa sunaye biyu mabambanta. A (13) ta raba suna ɗaya gida uku. Misali na (14) shi ne mafi haɗari, domin waɗannan su ne sunayen da al'ada ta tanadar wa tagwaye. Hassan da Hussaini ubansu ɗaya, ranar haihuwarsu ɗaya, gidansu ɗaya. Duk manhajar da ke share maimaici bisa Soundex da ranar haihuwa da sunan uba za ta ɗauke su mutum ɗaya, ta shafe guda.

Hanya ta biyu ita ce ƙidayar tazara da Vladimir Levenshtein na Tarayyar Sobiyet ya fito da ita a 1965, wato yawan haruffan da za a sauya, ko a ƙara, ko a cire, kafin wata kalma ta zama wata. Tsakanin Muhammad da Mohammed tazarar 2 ce. Tsakanin Aminu da Amina kuwa 1 ce, haka Jamilu da Jamila, da Habibu da Habiba. Duk ma'aunin da ya yi sassaucin da zai haɗa na farko, to zai haɗa wa da ƙanwarsa, saboda wasalin ƙarshe da Soundex take zubarwa, Levenshtein kuma take ɗauka ƙaramin abu, shi ne yake ɗauke da jinsi a nan.

Daga ɗaya ɓangaren kuma akwai sunayen da babu wata kama a rubutunsu amma kowane Bahaushe ya san ɗaya ne:

(15) Abubakar: Garba, Habu, Buba
(16) A'isha: Indo, Shatu
(17) Fatima: Binta
(18) Usman: Shehu, Umar: Sanda, Yusuf: Maitama

Yaron da aka rubuta Garba a firamare, ya zama Abubakar a takardar sakandare, babu lissafin haruffa da zai gano shi. Sai dai jadawalin laƙabi da masu harshen suka tsara. Shi ma jadawalin yana bukatar hattara, domin Abu a rubuce yana iya zama Abubakar, yana iya zama Zainabu.

5.0 Matsalolin Tsarin Suna

Takardun cikewa na hukumomi sun ginu a kan tsarin Turawa na sunan farko, da na tsakiya, da sunan dangi wanda ake gada. Bahaushe ba shi da sunan dangi irin wannan a asali. Abin da ke biyo bayan sunan yanka yana iya zama sunan uba, ko na kaka, ko na gari, ko sana'a, ko sarauta. Malam Aminu Kano, da Alhaji Shehu Shagari, da Sa'adu Zungur, da Abubakar Tafawa Ɓalewa duk da sunayen garuruwa aka san su. Mutum ɗaya yana iya ba da sunan uba a banki, ya ba da sunan gari a makaranta, kuma bai yi ƙarya a ko'ina ba.

Akwai kuma sunaye masu kalma biyu. Inda aka raɗa wa 'ya'ya maza da yawa Muhammadu, ana bambanta su da Auwal, Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu, har zuwa Ashiru. Muhammad Sani suna ɗaya ne, amma wani ma'aikaci zai sa Sani a gurbin tsakiya, wani ya sa shi a gurbin dangi, wani ya jefar da Muhammad ɗin. Haka Nana A'isha, da Ummu Kulsum, da Umar Faruk. Sunayen da suka fara da ɗan su ma ana rubuta su a haɗe, ko a rabe, ko da karan ɗori. Wani lokaci kuma Alhaji ko Malam ko Hajiya suna shiga gurbin suna. Idan aka haɗa wannan da taƙaitaccen gurbi, kamar gurabe 39 da aka ware wa suna a layin fasfo, sai a ga an datse ƙarshen dogon suna. Inda aka auna faɗin gurbi da bayit maimakon harafi, datsewar tana iya faɗawa tsakiyar baƙi mai lanƙwasa ta bar rabinsa.

6.0 Shawarwari

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da waɗannan ƙa'idoji na aiki:

(a) A sa kowane mataki, daga allon shigarwa har gurbin jadawali, a kan UTF-8, a kuma tabbatar da haka da sunan gwaji kafin a fara aiki.

(b) A ajiye suna sau biyu. Gurbi na farko ya riƙe shi yadda mai shi yake rubutawa, da lanƙwasa da hamza, kada a taɓa shi. Gurbi na biyu ya riƙe sauƙaƙaƙƙiyar siga don bincike kawai, inda aka mayar da ƙ zuwa k, aka daidaita alamomin hamza uku, aka cire laƙabin girmamawa.

(c) A gwada sassan suna a matsayin tari, ba tare da la'akari da gurbin da kowane ya faɗa ba.

(d) Lamba ce za ta zama mabuɗin haɗa rumbuna, suna kuwa mai tabbatarwa. Kada manhaja ta haɗe layuka biyu ko ta shafe ɗaya bisa kamannin suna sai mutum ya duba, musamman inda ranar haihuwa ta zo ɗaya. Wannan ya haɗa da tagwaye, da kuma dattawan da ba a rubuta haihuwarsu ba aka sa musu 1 ga Janairu.

(e) A adana tarihin kowane gyara: tsohon rubutu, da sabo, da ranar da aka yi. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta wajabta ingancin bayanan da ake riƙewa, ta kuma bai wa mai su haƙƙin neman a gyara kuskure.

(f) Saƙon kuskure ya faɗi gurbin da ya saɓa. Cewa kawai bayanai ba su dace ba yana sa mutum ya yi ta zirga-zirga tsakanin ofisoshi bai san abin da zai gyara ba.

7.0 Kammalawa

An ga yadda sunan Bahaushe yake iya lalacewa a matakin harafi, da yadda hanyoyin gwada sunaye da aka gina don Ingilishi suke haɗa Hassan da Hussaini su kuma raba Usman da Uthman, da yadda gurabe uku na takardar cikewa suka saɓa wa tsarin sunayen Hausawa. Matsalolin kashi na farko aikin mai manhaja ne, kuma maganinsu sananne ne. Na biyu da na uku suna jiran abin da sassan nazarin harsuna na jami'o'i ne kaɗai za su iya samarwa, wato cikakken jadawalin sunayen Hausawa da ke nuna asalin kowane suna, da sigoginsa a Nijeriya da Nijar, da laƙubbansa, da jinsinsa, da sunayen da bai kamata a taɓa haɗa shi da su ba, a tsarin da kwamfuta za ta iya karantawa. An yi nazarce-nazarce da dama a kan sunayen Hausawa ta fuskar al'ada da ma'ana, don haka kayan aikin suna nan, saura tattarawa da tsarawa. Irin wannan jadawali ana bukatarsa ga Fulfulde da Kanuri da Yarabanci da Ibo da sauran harsunan ƙasa, tunda masu waɗannan harsuna duk a rumbuna ɗaya ake adana sunayensu.